ALLURAR GWIWA: TARIHINTA DA ABIN DA TAKE YI WA GURINGUNTSI

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga ƙasar Bakori, ya aiko mana da wasiƙa yana cewa shekararsa uku yana fama da ciwon gwiwar dama. Bara da ruwa ya sauka aka yi masa allura a cikin gwiwar, ya yi noman fari da maimai kamar bai taɓa ciwo ba. Aka sake yi masa a tsakiyar damina, aka kuma yi ta uku lokacin girbin masara, amma ta ukun ko mako uku ba ta riƙe shi ba. Yanzu wani abokinsa ya ce masa allurar nan cinye guringuntsi take yi. Shi ne yake so mu ba shi tarihinta, mu kuma gaya masa gaskiyar maganar abokin nasa. Mun sami irin wannan tambaya daga wasu masu sauraro na Malumfashi da Ƙafur da Ɗandume.

AMSA: To malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar abokinka akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai ya ɗan zuba mata gishiri. Allurar tana kwantar da ciwo na 'yan makonni, wannan babu musu. Amma ba ta gyara guringuntsi, kuma idan aka yi ta maimaita ta akwai shaidar cewa tana iya ƙara masa saurin zaizayewa. Wannan gardama ba yau aka fara ta ba, likitoci sun fi shekara 60 suna yin ta. Bari mu ɗauko maka zancen daga tushe.

Da farko, mene ne guringuntsin? Idan ka taɓa tsayawa wurin mahauci yana raba ƙafar sa a gaɓa, za ka ga kan ƙashin fari ne fat, yana sheƙi, ga santsi. To wannan farin shi ne guringuntsi, kuma irinsa ne a gwiwarka. Kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma shi ke hana ƙashin cinya da na ƙwauri su goge juna. Babu jijiyar jini a cikinsa, babu kuma jijiyar da ke jin zafi. Abincinsa daga ruwan nan mai yauƙi na cikin gaɓa yake samu, kuma sai gwiwa tana motsi ruwan ke shiga yana fita. Tun a shekarar 1743 wani likita mai suna William Hunter ya rubuta wa taron masana na birnin Landan cewa guringuntsi in ya lalace ba ya komawa yadda yake. Shekaru sun kusa 300 ke nan, kuma har yanzu ba a sami allurar da ta ƙaryata shi ba.

Ka kuma sani abin da muke kira amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi ba cuta ɗaya ba ce. Akwai mai kumburi wanda ke kama yatsu da wuyan hannu dama da hagu, ya fi kama mata. Akwai kuma na zaizayewa, wanda shekaru da nauyin jiki da tsohon rauni da aikin ƙarfi ke kawowa, shi ne ya fi yawa a gwiwa. Mutumin da ya yi shekara 30 yana bin garmar shanu, yana tsugunne wurin cirar auduga, yana loda buhunan masara a kasuwar Funtua, ba abin mamaki ba ne gwiwarsa ta fara ƙara. Iyayenmu sun san ciwon, suna yi masa gashi da ruwan zafi da man kaɗanya, wanzamai su yi ƙaho ko tsaga, wasu har sakiya.

Ita allurar, asalinta daga Amurka ne. A asibitin Mayo da ke jihar Minesota akwai wani likita mai suna Philip Hench. A shekarar 1929 ya lura da wani abin mamaki: wani majinyacinsa mai amosanin gaɓɓai irin na kumburi ya kamu da ciwon shawara, sai ciwon gaɓɓan ya lafa. Daga baya ya ga haka ma ga mata masu juna biyu, ciwon ya kwanta, in sun haihu ya dawo. Sai ya ce lalle akwai wani sinadari da jiki da kansa ke yi wanda ke kashe kumburi. Abokin aikinsa Edward Kendall kuwa ya shafe shekaru yana tatsar sinadarai daga wata 'yar tsoka da ke zaune bisa kan ƙodar shanu. Ɗaya daga cikinsu shi ne aka raɗa wa suna kotizon daga baya.

Ran 21 ga watan Satumba na 1948 aka fara gwada shi a kan wata mata 'yar shekara 29 wadda ciwo ya kwantar. Cikin kwana uku ta ji sauƙi ƙwarai, kafin mako ya zagayo ta fita sayayya cikin gari da ƙafarta. Labari ya game duniya. A 1950 aka ba Hench da Kendall da wani masani na ƙasar Suwizalan, Tadeus Reichstein, lambar yabo ta Nobel.

Sai dai maganin ya yi ƙaranci. Daga ruwan matsarmamar shanu ake haɗa shi a lokacin, ta matakai fiye da 30, har giram ɗaya ya kai dala 200 a 1949. Aka bazama neman tsiron da zai maye gurbin shanu, kuma a nan ne labarin ya biyo ta ƙasarmu. Ka san kwankwani, tsiron nan da maharba ke haɗa dafin kibiya da 'ya'yansa? Masana suka gano akwai wani sinadari a cikin 'ya'yan wani jinsinsa da za a iya juya shi ya zama kotizon. Amurka ta turo masu nema Afirka ta Yamma, Ingila ma ta turo nata Nijeriya wajen 1950, cikinsu har da wani masanin haɗa magunguna mai suna Kenneth Callow da wani masanin tsirrai mai suna Meikle, suka yi watanni suna yawo suna tara 'ya'yan kwankwani. Sinadarin yana nan, amma bai isa a dogara da shi ba, noman tsiron kuma ya yi wuya. A ƙarshe wata doyar daji ta ƙasar Meziko ce ta ci kasuwar, bayan kamfanin Upjohn ya gano a 1952 cewa wata irin fumfuna tana iya yin aikin da ya fi wuya a cikin haɗin. Daga nan farashi ya faɗi warwas. Dalilin da ya sa ke nan yau 'yan uwan kotizon suke a kantin kowane kemis.

Murna ba ta daɗe ba. Ita kanta matar da aka fara gwadawa a kanta, da aka ci gaba da ba ta maganin, fuskarta ta kumbura, hankalinta ya dagule. Wasu majinyatan hawan jini ya kama su, wasu ciwon suga, wasu ƙashinsu ya yi rauni, kuma da an tsai da magani ciwon ya dawo. Sai wani likita na birnin Filadelfiya mai suna Joseph Hollander ya yi tunani: tun da gwiwa ce ke ciwo, me ya sa za a wahalar da jiki duka? A zuba maganin cikin gwiwar mana. Ya gwada kotizon bai yi wani aiki ba, ya gwada ɗan uwansa haidurokotizon, sai ga sauƙi. A 1951 ya bayyana wa duniya, kuma cikin shekara 10 shi da abokan aikinsa sun yi allura fiye da 100,000. To malam, wannan ita ce kakar allurar da aka yi maka. Na yanzu jikokinta ne da suka fi daɗewa a gaɓa, irin su tirayamsinolon, wanda za ka ga an rubuta Kenalog a kwalbar wani kamfanin, da kuma Depo-Medrol.

Shekara bakwai kacal bayan haka aka fara jin ƙorafi. A 1958 wasu likitoci biyu na birnin Leeds a Ingila, Chandler da Wright, suka ba da rahoto cewa majinyatansu da ake yi wa allurar a kai a kai suna cewa sun ji daɗi, amma hoton ƙashi yana nuna gwiwoyin wasunsu sun ƙara lalacewa. Bayanin da suka bayar zai shige ka, domin kai ma abin da ka yi ke nan. Ciwo kamar kare ne a ƙofar gida, haushinsa ba daɗi, amma shi ke gaya maka akwai ɓarawo. Allura ta rufe bakin karen, mutum ya ga ya warke, ya ɗora wa gwiwar aikin da ya fi ƙarfinta. A shekarun 1960 kuma aka gwada a kan zomaye a Amurka da Kanada, aka ga maganin da kansa yana rage wa guringuntsi ƙarfin gina kansa. Wasu likitocin suka ce ai zomo ba mutum ba ne, kuma abin da aka ɗura wa zomayen ya yi yawa. A 2003 wani gwaji da aka yi a birnin Montreal na Kanada ya ƙara musu ƙarfin gwiwa: mutum 68, rabi ana yi musu allurar kowane wata uku har shekara biyu, rabi ana yi musu ta ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, kuma hoton ƙashi bai nuna bambanci ba.

Amma fa hoton ƙashi ba ya nuna guringuntsi, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa kawai yake nunawa. Sai da aka yi amfani da na'urar hoto mai aiki da maganaɗisu, wadda ke ganin guringuntsin kansa, sa'an nan aka sami awo na sosai. A 2017 wani likita mai suna Timothy McAlindon da abokan aikinsa na asibitin Tufts a birnin Boston suka fito da sakamakon gwajinsu. Mutum 140 masu zaizayewar gwiwa, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi tirayamsinolon kowane mako 12 har shekara biyu, rabi ruwan gishiri, kuma babu wanda ya san wadda ake yi masa. Da aka auna, waɗanda aka yi wa maganin kaurin guringuntsinsu ya ragu da milimita 0.21, na ruwan gishiri kuwa 0.10. Ninki biyu ke nan. Game da ciwo kuma, a duk lokacin da suka dawo awo bayan wata uku, ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu ba.

Yanzu bari mu auna wannan da ma'aunin da ka sani. Takardar littafin ɗan makaranta kaurinta wajen milimita 0.1 ne. Wato guringuntsin lafiyayye kamar takarda 20 zuwa 40 ne a haɗe, kuma asarar da allura takwas suka ƙara cikin shekara biyu kamar takarda ɗaya ce. Ka ga ba cinyewa ba ce irin ta gara da zana, yadda abokinka ya nuna. Amma kuma asara ce da ba ta dawowa, a gwiwar da dama takardunta sun riga sun ragu, kuma ba a sami sauƙi mai ɗorewa a madadinta ba.

A 2019 likitocin hoto na Jami'ar Boston suka bi mutum 459 da aka yi wa allurar a ƙugu ko gwiwa, suka ga 36 daga cikinsu sun sami matsala, yawanci saurin lalacewar gaɓa, kuma abin ya fi yawa a ƙugu. Sai dai ba su da wasu mutanen da ba a yi wa ba da za su kwatanta da su. A ɗaya gefen, wani bincike na ƙasar Faransa da ya fito a 2022 ya bi masu ciwon gwiwa shekara biyar, bai ga allurar jefi-jefi ta ƙara musu lalacewa ba. Saboda haka inda aka tsaya shi ne: allura ɗaya ko biyu a lokacin da ciwo ya tashi da kumburi, haɗarinta ga guringuntsi kaɗan ne. Mai da ita abincin kowane wata shi ne abin gudu.

Sauƙin nata kuma na kwana nawa ne? A 2015 masana suka tattara gwaje-gwaje 27 suka duba. Sauƙin ya fi ƙarfi a mako na farko da na biyu, ya ragu a mako na huɗu zuwa na shida, ya zama ɗan kaɗan a wata uku, a wata shida kuma babu alamarsa. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idar aiki ta ce a 2022 a riƙa gaya wa majinyaci sauƙin na mako 2 zuwa 10 ne. Ke nan abin da ya faru da kai ba baƙon abu ba ne.

Akwai wata allurar dabam da za a iya yi maka tallarta, a ce maiƙo ce ake zuba wa gwiwa kamar yadda ake zuba wa inji baƙin mai. Sunan sinadarin hayaluronik. A 1934 Karl Meyer da John Palmer suka fara samo shi daga ruwan idon shanu a Jami'ar Kolambiya ta birnin New York, daga baya aka riƙa tatsarsa daga tsoron zakara. A kan dawakin sukuwa aka fara gwada shi wajen 1970, Japan ta amince a yi wa mutane a 1987, Amurka a 1997. Ba a san shi da zaizaye guringuntsi ba, amma ba ya tsiro da sabo. A 2022 aka tattara gwaje-gwaje 169 na mutum fiye da 21,000, aka ga fifikonsa a kan allurar ruwan gishiri ƙanƙane ne ainun, ga shi da tsada. Kada ka sayar da buhunan masararka dominsa sai ka ji ta bakin likitan ƙashi.

Duk gwaje-gwajen nan da muka lissafa, a manyan asibitoci aka yi su, da hannun ƙwararru. A karkararmu babban haɗarin ma ba zaizayewar takarda ɗaya ba ce, hannun mai allurar ne. Cikin gaɓa wuri ne da ƙwayar cuta in ta shiga take samun sakewa, shi kuma wannan magani yana rage ƙarfin jiki na yaƙi da ita. Gwiwar da ta yi mugunya, guringuntsinta na iya lalacewa cikin 'yan kwanaki. Daɗin daɗawa, ba kowace kumburarriyar gwiwa ce zaizayewa ba. Akwai wadda tarin fuka ya shiga, akwai wadda dama ƙwayar cuta ce ta kumbura ta, akwai ta masu amosanin jini. Zuba wa gwiwa mai ƙwayar cuta wannan magani kamar zuba wa wuta fetur ne. Mai kemis aikinsa sayar da magani, huda gaɓa ba aikinsa ba ne. Haka kuma allurar desametazon da ake yi a ɗuwawu, da ƙwayoyin haɗi da ake ƙullawa a leda babu suna, sau da yawa 'yan gidan kotizon ne. Shan su kullum shi ke dawo da matsalolin da aka gani tun 1949: kumburin fuska, suga, hawan jini, raunin ƙashi.

To mene ne abin yi? Ga shawararmu.

Na farko, ka je a duba gwiwar a san irin ciwon. Ka fara da babban asibitin Funtua ko na Malumfashi. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Ka gaya wa likita an yi maka uku bara, kada ka ɓoye.

Na biyu, in likita ya ga allurar ta dace, ka'idar da yawancin likitoci ke bi ita ce kada a sake ta a gaɓa ɗaya sai bayan wata uku, kada kuma ta wuce uku ko huɗu a shekara. In an yi ba ta yi aiki ba, ƙarawa ba shi ne magani ba. Ka rubuta ranar da aka yi maka da sunan maganin, kamar yadda kake rubuta bashin taki. Ka hutar da ƙafar kwana biyu. In kana da ciwon suga ka faɗa, domin tana ɗaga shi na 'yan kwanaki. In kuwa bayan allura gwiwar ta yi zafi rau, ta kumbura, ga zazzaɓi, to a ranar za ka koma asibiti, kada ka jira ranar kasuwa.

Na uku, ka yi amfani da makonnin sauƙin wajen ƙarfafa ƙafar. A 2020 wani bincike na asibitocin sojojin Amurka ya kwatanta mutum 156, rabi allura, rabi motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi na asibiti. Bayan shekara guda, masu motsa jikin sun fi samun sauƙin ciwo da ƙarfin tafiya. Abin ba ya bukatar kuɗi: ka zauna a kan benci, ka miƙe ƙafar sosai, ka riƙe ta ka ƙirga goma, ka sauke a hankali, sau goma safe da yamma. Naman cinya in ya yi ƙarfi yana ɗauke wa gwiwa nauyi. Hawan keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya ma yana da kyau. Zama wuri ɗaya kuwa ba hutu ba ne ga guringuntsi, tun da mun ce sai da motsi yake samun abinci.

Na huɗu, ka rage mata kaya. Wani bincike na Amurka a 2005 ya nuna kowane kilo 1 da mai ƙiba ya rage, gwiwa na samun ragin kimanin kilo 4 a kowane taku. To ka yi lissafin buhu mai kilo 100 a kafaɗa. Ka bar wa samari da baro da amalanke lodi, ka riƙe sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren, wato hagu tun da dama ce ke ciwo. Sanda ba abin kunya ba ce. Wannan shawara har da iyayenmu mata masu ɗaukar itace da ruwa, domin zaizayewar gwiwa ta fi yawa gare su bayan shekara 50.

A taƙaice malam, ka ɗauki allurar nan kamar bashin damina. Akwai ranar da mutum ba shi da mafita sai ya ci, kuma ba laifi. Amma wanda ya mai da bashi abin cinsa na kullum, wata rana gonar ce za ta tafi. Gwiwar nan kuma biyu ce kawai aka ba ka, da su za ka yi sauran damunan da suka rage.

Da fatan mai tambaya da sauran masu irin wannan lalura sun gamsu. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.